Darasi na Tara: Gadon Iri da Ingancin Silin Auduga

A shekarar 2016 kamfanonin auduga na Burkina Faso suka yanke shawarar da ta ba mutane da yawa mamaki. Suka ce sun daina raba wa manoma irin audugar nan mai kashe tsutsa da kanta, wadda ake kira Bt, alhali tun 2008 ake nomanta, har ta kai ga mamaye kusan kashi 70 cikin ɗari na gonakin audugar ƙasar. Galibin manoma ba su da ƙorafi a kanta. Feshi shida da suka saba yi kowace damina ya koma biyu, aiki ya ragu, shaƙar guba ta ragu. Masu kuka su ne masu kai audugar kasuwar duniya, kuma abin da suke kuka a kansa bai cika milimita ɗaya ba. Silin audugar ne ya gajarce da kimanin kashi ɗaya cikin 32 na inci. A kan wannan ɗan taƙi, da kuma raguwar farar audugar da ake samu bayan gurza, suka nemi kamfanin Monsanto na Amurka, mai irin Bt ɗin, ya biya su diyyar sefa biliyan 48 da 'yan kai.

Manomin da ya saba ɗora buhu a kan sikeli a fuloti zai iya tambaya: ina ruwan ciniki da abin da ido ba ya gani? Amsar tana cikin gurya, kuma ita ce wannan darasi zai bi.

Yadda sili yake tsirowa

Idan aka duba ƙwallon auduga da ya fashe, za a ga ɗaki uku zuwa biyar, kowane ɗaki da gurya bakwai zuwa tara a nannaɗe cikin farin gashi. Kowane sili na gashin nan ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda ta tsiro daga fatar gurya, kuma gurya ɗaya takan ɗauki sili dubu 10 zuwa dubu 20. Ranar da fure ya buɗe sili yake fara leƙowa. Yakan yi kamar mako uku yana miƙewa, sannan ya tsaya da tsawo ya koma yin kauri daga ciki, yana shimfiɗa wani sinadari mai suna selulos a bangonsa, hawa bisa hawa, har wasu mako uku. Wajen kwana 50 bayan fure ƙwallo yake fashewa, iska ta shiga, sili ya bushe ya lotse ya murɗe.

Murɗewar nan ita ce ta mai da auduga abin kaɗi, domin ita take sa silaye su sarƙe su riƙe juna. Audugar rimi ba ta da ita. Silinta santsi gare shi, shi ya sa ta ƙare a matashin kai da katifa, ba ta kai ga mazari ba.

Abin da masaƙa take nema

Matan da suka yi zamani da magurji da bakan shiɓa da mazari sun san auduga a yatsa. Da ɗan alli a hannu, mace gwana takan ja zare daga auduga mai gajeren sili ba tare da ya tsinke ba, don yatsunta suna ji, suna sassautawa. A can Daka, ƙasar Bangaladash ta yau, da hannu aka riƙa kaɗa zaren wani yadi shara-shara da ya shahara har fadojin sarakuna, kuma daga audugar Asiya mai gajeren sili. Inji ba shi da wannan haƙuri. Mazarinsa yana juyawa sau dubbai a minti guda, kuma duk tsinkewar zare asara ce.

Saboda haka masaƙa take auna abubuwa huɗu kafin ta saya. Na farko tsawo. Duk wanda ya taɓa tufka igiya da rama ya san dogayen zaruruwa sun fi guntaye ba da igiya mai ƙarfi, domin kowanne yana naɗe ɗan'uwansa sau da yawa. Haka abin yake a zare. Sai ƙarfin silin kansa, sai daidaito, wato kada dogo da gajere su yi yawan cakuɗuwa, domin gajerun su ne ke zubewa a matsayin shara ko su fito tsiri-tsiri a jikin zare. Na huɗu shi ne siranta da nuna, waɗanda ake haɗawa a awo ɗaya mai suna maikuroniya: ana cusa auduga a wani bututu a hura iska, a ga yadda take ratsawa. Kasuwa ta fi son lamba tsakanin 3.5 da 4.9. Ƙasa da haka sau da yawa alama ce ta silin da bai nuna ba, wanda yake ƙudundunewa ya ƙi shan rini, sai a ga ɗigon fari a jikin atamfa. Sama da haka sili ya yi kauri, ba zai ba da siririn zare ba. A yau na'ura mai suna HVI ce take yin waɗannan awo duka a ƙasa da minti guda, kuma a Amurka kusan babu dilar audugar da take shiga kasuwa ba tare da lambobinta ba.

Shadda mai tsada, wadda take sheƙi tana ƙara idan an taɓa, da siririn zare ake saƙa ta, siririn zare kuwa sai dogon sili mai laushi. Gajeren sili yakan tafi ga zane mai kauri, barguna, da audugar asibiti.

Dangi huɗu

Dangin auduga a duniya sun kai kimanin 50, yawancinsu na daji ne, a Afirka da Ostareliya da nahiyar Amurka. Huɗu kawai ɗan'adam ya mayar na gona. Biyu daga cikinsu, arboreum da herbaceum, na Asiya da Afirka ne, silinsu gajere ne mai kauri, galibi ƙasa da milimita 25, amma suna jure fari da ƙwari. Sauran biyun daga nahiyar Amurka suka fito. Hirsutum, wadda asalinta Meziko da maƙwabtanta, ita ce kusan kashi 90 cikin ɗari na audugar duniya, ita ce kuma ake nomawa a Funtua da Gusau da Gombe. Silinta yakan kama daga milimita 25 zuwa 30 ko ɗan sama da haka. Barbadense kuwa, wadda ta fito daga yankin Peru da Ekwado, ita ce sarauniya: silinta yakan kai milimita 35 har ya wuce, ga siranta ga ƙarfi. Ana iya gane ta a gona. Furenta rawaya ne da jan tabo a gindin kowane kunne, guryarta kuma baƙa ce kusan tsirara, ba ta da ɗan gashin nan da yake manne wa guryar da muka sani.

Bambancin yana farawa daga cikin ƙwayar halitta, inda ake ajiye gado a wasu ƙunshe-ƙunshe da masana suke kira kuromosom. Audugar Asiya da Afirka tana da 26, ta Amurka tana da 52. Dalili shi ne, shekaru miliyan ɗaya zuwa biyu da suka wuce, wata auduga ta wannan ɓangaren duniya ta isa nahiyar Amurka, ana jin ta kan teku, ta haɗu da wata ta daji a can, sai 'ya'yansu suka riƙe gadon iyaye biyu cif ba tare da an raba ba. Abin ban sha'awa shi ne ita ta dajin Amurkar ba ta da silin da za a iya kaɗawa ko kaɗan, amma da masana suka bincika sai suka tarar da yawa daga ƙwayoyin gadon da suke gyara sili a audugar yau suna cikin rabin da aka gada daga gare ta.

Barbadense ce ta yi wa Masar suna. Wajen shekarar 1820 wani Bafaranshe mai suna Jumel ya ga wata bishiyar auduga mai dogon sili a wani lambu a Alƙahira, Muhammadu Ali Pasha ya sa aka yaɗa nomanta, daga baya aka yi ta zaɓe da haɗi har aka samu ire-iren da ake kira Giza, irin su Giza 45. Da aka gama madatsar Sannar a Sudan a 1925, irin wannan auduga aka shimfiɗa a filayen Jazira, kuma Hausawa da Fulani da Barebari da suka yada zango a can kan hanyar Makka suna cikin waɗanda suka yi ta aikinta shekara da shekaru.

To me ya hana kowa ya noma ta? Tana son dogon lokaci da rana da ban ruwa, kuma ba ta kai hirsutum yawan amfani ba. Me ya hana a haɗa su, a samu yawan wannan da silin waccan? An gwada, an kuma daɗe ana gwadawa. 'Ya'yan farko sukan fito da kyau ƙwarai, Indiya ma ta sayar wa manoma irin wannan haɗi mai suna Varalaxmi tun 1972. Amma idan aka shuka guryar 'ya'yan, jikoki sai su watse: wani dogo ba 'ya'ya, wani bakarare, wani ya koma kamar kaka ɗaya ko ɗaya. Gadon dangin biyu ba ya son zama wuri guda.

Gado ko damina?

Ko a cikin hirsutum kaɗai akwai bambanci mai yawa daga iri zuwa iri, kuma ba ƙwayar gado ɗaya ce take riƙe da tsawo ko ƙarfi ba. Suna da yawa, a warwatse, kowace tana ƙara ɗan kaɗan ko ta rage ɗan kaɗan. An karanta jerin gadon hirsutum a 2015, kuma a 2018 masana a Sin suka kwatanta iri 419, suka gano wurare da dama a cikin kuromosom da suke da alaƙa da tsawon sili da ƙarfinsa. Amfanin wannan ga mai kyautata iri shi ne yana iya gwada ganyen ɗan tsiro ya san abin da ya gada, ba sai ya jira kaka ba.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu wannan aiki tuwo a ƙwarya. Sau da yawa idan aka zaɓi tsiro mai ƙarfin sili, sai a tarar amfaninsa ya ragu, idan aka bi yawan amfani, ƙarfi ya faɗi. Wani ɓangare na dalilin shi ne ƙwayoyin gadon biyu suna maƙwabtaka a kuromosom ɗaya, suna tafiya tare daga uwa zuwa ɗiya. A tashar bincike ta Pee Dee da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka, sai da aka shafe shekaru da dama ana haɗi a kan haɗi kafin a sassauta wannan ƙulli.

Gado yana sa iyaka ne, gona da damina su ne suke yanke ko za a kai iyakar. Tsawo da ƙarfi sun fi bin iri. Siranta da nuna sun fi jin yanayi. Idan ruwa ya ɗauke a mako ukun farko bayan fure, sili ba zai kai tsawon da aka rubuta masa ba. Idan ƙasa ta rasa sinadarin fotash, ko sanyin dare ya sauko lokacin da sili yake yin kauri, sai ya tsaya bai nuna ba. A nan ne al'adar jinkirta shuka take yi wa Arewa illa. Malaman gona suna cewa a shuka auduga a watan Yuni, amma manomi, da hujjarsa mai ƙarfi, sai ya ga gero da dawa sun kama ƙasa tukuna. Audugar da aka shuka a ƙarshen Yuli ƙwallayenta na sama sukan riski ɗaukewar ruwa da farkon hunturu. Amma duk kyan damina, iri mai gadon milimita 26 ba zai ba da 30 ba.

Da wannan za a fahimci abin da ya faru a Burkina Faso. Ire-iren ƙasar, irin su FK 37 da STAM 59A, an shafe shekaru ana zaɓensu don dogon sili da yawan farar auduga, har sukan ba da kusan kilo 42 daga kilo 100 bayan gurza. Ƙwayar gadon Bt tana jikin wani iri ne na Amurka mai gajeren sili. Da aka haɗa su, 'ya'ya sun ɗauko rabi daga nan, rabi daga can. Ƙa'idar aikin ita ce a riƙa mayar da 'ya'yan ga irin gida, zuriya bayan zuriya, kowane zagaye yana rage gadon baƙo da rabi, har ya zama ƙwayar Bt ɗin kaɗai ta saura. Masu binciken da suka bi diddigin lamarin sun nuna an yi gaggawa, ba a maimaita yadda ya isa ba. Laifin ba na ƙwayar kashe tsutsa ba ne, na sauran kayan da suka biyo ta ne.

Allen a ƙasar Zazzau da Katsina

Arewa ba baƙuwar auduga ba ce. Lokacin da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya shiga Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa Tumbutu da Gat da Tarabulus. Audugar gida ta wadatar da mazari da masaƙar hannu. Masaƙun Lankasha a Ingila ne ba ta yi wa ba. Ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a 1902 don nema musu auduga, ta kafa injinan gurza, kuma har gobe akwai unguwa a Funtua da take amsa sunanta. A Kano dai ba ta ji da daɗi ba, don masaƙan gida sun fi ta ba da farashi, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa.

A 1912 aka shigo da wani iri ɗan asalin Amurka mai suna Allen, ta hanyar Yuganda. Ya karɓi ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Zamfara. Daga cikinsa aka yi ta zaɓe a Samaru, tashar da aka buɗe a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962; daga nan aka samu Samaru 26J, daga baya Samaru 71 da Samaru 77, har zuwa jerin da ake kira Samcot. Allen ɗin da ya zauna a nan bai tsaya a nan ba. Ya ƙetara zuwa Chadi da Kamaru, kuma daga jikinsa aka zaɓo Albar, iri mai jure ciwon baƙin tabo na ganye da kara, wanda ya yi amfani a gabashin Afirka.

Abin da ya riƙe ingancin audugar a wancan zamani tsari ne. Ana ninka sabon iri a gonar Daudawa kusa da Funtua, a yaɗa shi zuwa ƙauyukan da ke kewaye, a gurje audugarsu daban, a raba guryar kyauta zuwa gaba. Yanki guda, iri guda. Ba Nijeriya kaɗai ta gano wannan ba: Kalifoniya ta yi doka a 1925 cewa iri ɗaya, Akala, za a noma a kwarin San Joaquin, Masar ma tana ware wa kowane irin Giza yankinsa. Hikimar a fili take. Furen auduga yakan barbari kansa, amma ƙudan zuma da sauran ƙwari sukan ɗauko garin fure daga gonar maƙwabci. Sannan a gidan gurza, idan aka zuba audugar gari goma a inji ɗaya, guryar da take fitowa ta zama gauraye.

Da aka rushe Hukumar Auduga ta Nijeriya a 1986, wannan sarƙa ta tsinke. Manomi ya koma karɓar gurya daga hannun dillali ko daga kasuwa, wadda ba mai iya faɗin sunanta, wani lokaci ma wadda aka tara don matsar mai ko abincin shanu. Gonar da aka shuka da irin wannan ana gane ta: wani tsiro ya kai ƙirji wani gwiwa, wani ya fashe wani yana fure. Silinta ma haka yake, dogo da gajere a buhu ɗaya, kuma masaƙa da gajeren take yi wa dila kuɗi.

A nan akwai rashin adalcin da ya kamata a faɗa. Manomi kilo ake biyansa, rabon auduga zuwa lamba ɗaya da lamba biyu kuwa tsabta da fari suke dubawa, ba tsawon sili ba. Wanda ya sayi iri mai rajista ya kula da shi, da wanda ya zuba gauraye, farashi ɗaya suke karɓa a fuloti. Muddin haka ne, wa'azi kaɗai ba zai gyara iri ba. Sai ƙungiyoyin manoma sun haɗa kai gari guda sun shuka iri guda, sun nemi a gurje musu daban, a auna, a biya su bambancin. Tsinkar hannu da ake yi a nan ta riga ta ba su fifiko a kan audugar da inji yake girba da ganye da kara, in dai an guji buhun leda, wanda zaruruwansa suke shiga auduga su ƙi rini su ɓata yadi.

Daga baya wani abu kuma ya shigo. A 2018 Nijeriya ta amince da iri biyu na Bt na kamfanin Mahyco na Indiya, waɗanda aka gwada tare da cibiyar Samaru. Iri ne na haɗi, 'ya'yan farko na iyaye biyu daban. Wanda ya ajiye guryarsu ya sake shukawa, jikoki zai samu, kuma jikoki ba sa fitowa bai ɗaya, a tsawon tsiro ko a tsawon sili. Kowace shekara sai sabon iri, kuma dole a sa kuɗinsa cikin lissafi tun kafin a yi sharar gona.

Gwajin da za a yi a aji

Masu kyautata iri suna da wata tsohuwar dabara da ba ta bukatar na'ura. Kowane ɗalibi ya zo da audugar da ba a gurje ba daga gonarsa ko ta maƙwabci, ƙwallo biyar daga tsiro biyar daban, a tsinko daga tsakiyar tsiro. A ciro gurya ɗaya daga tsakiyar kowane ƙwallo, a raba gashinta biyu, a taje shi a hankali da ƙaramin mataji zuwa dama da hagu har ya miƙe. A kwantar da ita a kan baƙin ƙyalle, a auna da rula daga jikin gurya zuwa inda yawancin silaye suka ƙare, a rubuta milimita.

Malami ya jera lambobin a allo, gona-gona, kusa da kowace ya rubuta inda aka samo irin da watan da aka shuka. Inda lambobi biyar na gona ɗaya suka yi kusa da juna, irin yana da tsabta. Inda suka yi nisa da milimita uku ko huɗu, akwai alamar gauraye. Inda iri ɗaya ne amma gona biyu suka bambanta, sai a tambayi masu su ranar shuka, takin da suka sa, da ko ruwa ya yi musu tsaiko lokacin fure. Waɗanda suka sayi iri a leda mai suna su zo da ledar, a karanta sunan irin da shekarar da aka ninka shi, a haɗa da lissafin.